Ƙarfen da Ya Zama Turke

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa ne ciwon ƙira ya kama ni. Wasu in sun ajiye aiki shago suke buɗewa, wasu su koma gona. Ni kuwa, Bafulatani jikan Bafulatani, sai na ce wuƙa zan ƙera da hannuna, ko da guda ɗaya ce, in yanka ragon layya da ita. Kada a tambaye ni dalili. Kallon maƙera a waya ne ya ja mini.

To, ƙira ba ta yiwuwa sai da uwar maƙera, dunƙulen ƙarfen nan da ake ɗora jan ƙarfe a kai a daka. Na ce da kaina zan zaɓo tawa. Nan na zama ɗan gida a wurin 'yan gwangwan. Duk wanda ya gan ni da farar riga ina tonon tsatsa sai ya tausaya wa iyalina.

Na ƙi ƙarfen zubi, don tsagewa yake yi. Na ƙi ƙarfen layin dogo, don ban shirya kwana a hannun hukuma ba. Kowane ƙarfe sai na sakar masa ƙwallon boris in ga tsallenta, sannan in buga shi in kasa kunne. Maras kyau "kwaf" yake cewa ya yi shiru. Mai kyau kuka yake yi, siriri, mai tsawo.

A shagon wani Ibo mai tsofaffin kayan manyan motoci na dace, haifaffen Gombe ne, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya gaji da ni ya jawo wani guntun ƙarfen katafila daga ƙarƙashin tarkace, ya ce, "Malam, buga wannan. In bai yi maka ba, don Allah ka koma aji." Na buga. Kai! Har cikin haƙorana na ji shi. Mai keken da ya kawo ni da ƙarfen gidana a unguwar Madaki bai daina mita ba sai da aka sauke.

Na kafa shi a tsakar gida, gindin mangwaro. Inna, mahaifiyata, tana ƙofar ɗakinta tana kallo. Tun da ta dawo wurina da zama ba ta rabu da tumaki ba, wai gidan da babu dabba kango ne.

"Wannan fa?"

"Uwar maƙera ce, Inna. Wuƙa zan ƙera."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "A danginmu an yi makiyayi, an yi malami, har ɓarawon shanu an yi. Maƙeri ne ba a taɓa yi ba. Ka bari sai ƙasa ta rufe idona."

Na kawo zancen zamani ya canza, na kawo zancen sana'a ba ta da ƙabila. Ta ci gaba da jan carbinta.

Washegari na tarar ta ɗaure tunkiyarta a jikin ƙarfen. Ba a yi nisa ba ta gano kukan da na sha wahalar nema. Kullum la'asar sai ta ɗauki dutse ta buga, tumakin duk inda suke a unguwa su sheƙo a guje, ta zuba musu dusa. Har yabona take yi gaban baƙi: "Yaron nan ya iya zaɓen turke." Wallahi raina ɓaci yake yi. Ƙarfen da babu irinsa a Gombe, ga shi yana kiran tumaki, ni kuma duk Sallah ina kasuwa ina taya wuƙa.

Bara da kaka Allah ya yi mata rasuwa. Da aka watse daga zaman makoki, aka kwana biyu, na ce to, ai ta ba ni izini da bakinta. Na kwance igiyar, na hura gawayi, na gasa guntun sifirin mota har ya yi ja. Na ɗora, na ɗaga guduma. Hannun ɗan koyo, sai na kuskure, ta sauka a kan uwar maƙerar.

Ta yi kukan nan nata.

Sai ga tumakin sun shigo a guje. Ko kallona ba su yi ba, suka wuce suka yi cirko-cirko a ƙofar ɗakin Inna suna jira.

Ina nan tsaye har ƙarfen ya huce ya koma baƙi. Na ajiye gudumar, na tambayi uwargida inda Inna take ajiye dusa.