Kofin da Na Wanke Sau Bakwai

Ƙanena ɗaya ne a duniya, kuma a bayana ya girma, a gidanmu na unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki. Tun yana ƙarami ya fi son zaman kicin da mu a kan ƙwallo a lungu. Muryarsa siririya, in yana magana hannunsa na lanƙwasa irin na mata. Bai kai sha biyar ba 'yan unguwa suka fara ce masa ɗan daudu. Da ya girma sai maganar ta wuce ta murya, aka shiga raɗe-raɗin da wa yake hulɗa. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa ce mini komai ba. Da mahaifiyarmu ta rasu, ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa sai tawa.

Ni kuwa ina aure a unguwar Rusaifa, cikin dangin miji masu sa ido. Wata rana na ce masa, "In za ka zo, ka riƙa bugo waya tukuna." Ya ce to. Ya gane nufina, na kuma san ya gane.

Girki yake yi wa alhazai a Arfa lokacin Hajji, har abokan aiki suka ce ba za su kwana tanti ɗaya da shi ba, aka sallame shi. Wanda ya ɗauke shi aiki wani dattijo ne mai fili a bayan gari, inda yake horar da karnukan gadi ga masu tumaki da gonaki. In kare ya addabi unguwa, shi ake kira ya zo ya kama kyauta, kada a sa masa guba. Ma'aikatansa kusan duk irin waɗanda aka kora ne daga wani wuri. Ni dai da na ji, cewa na yi, "Inna lillahi, yanzu kuma karnuka?"

Wata Juma'a bayan La'asar ƙanen nawa ya bugo, ya zo da ledar mangwaro. Ya yi ƙiba, ya yi baƙi. Na zuba masa shayi a kofin da na daɗe da ware masa, yana ba ni labarin wata karya mai taurin kai.

"Wallahi Yaya, halinku ɗaya. Sai an lallashe ta take zama."

"Ni kake haɗawa da karya? Tashi ka bar mini gida."

Muka yi dariya. Yana fita na ɗebi ƙasa a tukunyar fulawa, na hau wanke kofin, ina ƙirgawa. Ina na biyar na ji motsi. Makullinsa ya manta. Ya tsaya a bakin kicin yana kallon ƙasar da ke hannuna.

"Yaya," ya ce a hankali, "ni ne na sha, ba su ba."

Na ce ai don tsarki ne. Na san hukuncin sarai, na karanta shi a makaranta: abin da kare ya sa baki ake yi wa haka. Kofin kuma na ware shi tun kafin a yi zancen karnuka. Ya ɗauki makullinsa, ya yi sallama.

Bai sake bugowa ba, ni ma nauyi ya hana ni. Bayan wata biyu wata maƙwabciyarmu ta da ta gaya mini ya faɗo daga katanga ya karye a cinya. Washegari da hantsi na hau tasi.

Dattijon ya tare ni a ƙofa, ya sa aka ɗaure karnukan saboda ni.

"Ke ce Yayar? Ahlan, Hajiya, shigo. A asibiti na ce wa za mu kira, ya ce kada a tayar miki da hankali, kina da hidima."

Na ce, "Baba, ka san abin da ake faɗa a kansa?"

"Na ji. Ni mai haƙuri da dabba nake nema, na kuma samu. Sauran yana tsakaninsa da Ubangijinsa. Duk wanda ya shigo filin nan, faranti ɗaya muke ci."

Na iske ƙanena a kwance, wani abokin aikinsa na riƙe masa buta yana alwala. Su ne suka yi ta kama shi zuwa banɗaki duk makonnin nan. Na zauna a gefen katifa na ce ya tashi mu tafi gida, ni zan yi jinyarsa.

"Maigidanki ya san kin zo?"

Na hau gyara masa matashin kai.

"Halas, shi ke nan, Yaya. Bar ni a nan. In kin samu hali ki riƙa leƙowa."

Ina leƙawa, ranar Alhamis, da tuwo da miyar kuka a kula. A gida cewa nake yi zan je dubiya. Ya warke, yana ɗan ɗingishi. Sau uku ina ce masa ya zo Rusaifa ba sai ya bugo waya ba. Kullum yakan ce in sha Allah, har yau kuwa bai tako ba.