Sista Shiru da Littafin Yara Masu Jira

Ƙarfe bakwai saura kwata take shiga ɗakin awon yara, kafin mai shara ya gama goge baranda. Aikinta na farko shi ne ta cusa bakin abin sauraren ƙirji a hammatarta, ta bar shi ya ɗumama tana jera kujeru. Sababbin ma'aikata kan yi mata dariya a bayan ido. Ita kuwa ta san ƙarfe mai sanyi a ƙirjin jariri kuka yake jawowa, kuka kuma yakan danne ɗan sautin nan da take nema, wanda bai fi hucin iska ta ƙasan ƙofa ba. Shekara talatin da ɗaya tana ɗaga yatsa tana cewa "a yi shiru", har iyaye mata suka manta sunanta, suka koma kiranta Sista Shiru.

Ba likita ba ce, kuma an sha tuna mata da hakan. Amma ita ce ke zaunar da uwa ta ce, "Ba shi nono in gani." Sai ta zuba ido. In jariri ya tsotsa sau uku ya saki yana haki, gumi ya tsattsafo masa a goshi, ta riga ta san inda za ta tura shi. Likitoci nawa ne suka rubuta maganin tari, ta bi su har ofis ta ce a sake dubawa, hoton zuciya kuma ya nuna huji? Ba wanda ya ƙirga. Wasu sun gode, wasu sun ce ta cika shisshigi.

Tana da wani littafi mai baƙin bango. A ciki take rubuta kowane yaron da ke jiran tiyata, da lambar wayar uban, da ta maƙwabci saboda ranar da wayar uban za ta mutu. Sau ɗaya a shekara likitocin tiyatar zuciya ke zuwa, su ɗauki yara ashirin daga cikin ɗari da wani abu. Ita ke kiran iyaye, ita ke lallashin waɗanda ba a ɗauka ba, ita ke jan layi a kan sunan wanda bai kai baɗi ba. In an gama aiki sai manya su jeru a ɗauki hoto. Ku duba hotunan nan da ke bangon baranda, ba ta cikin ko ɗaya, ita ake ba wa jakunkuna ta riƙe.

Wata uku kafin ta yi ritaya wani tela ya kawo 'yarsa mai shekara biyar, wai a ba ta maganin ƙarin jini. Daga ƙofa zuwa benci sau biyu yarinyar ta tsugunna. Uban ya finciko hannunta.

"Haka take, Sista. Lalaci ne kawai. Uwarta ta yi duka har ta gaji."

Sista Shiru ta duba leɓen yarinyar da farcenta, duk sun yi shuɗi-shuɗi. Ta ce, "Malam, sake ta. Tsugunnon nan shi ke dawo mata da numfashi. Zuciyarta ce ba lafiya, kuna dukanta a kan abin da ke riƙe da ranta."

Telan ya zauna a ƙasa, bai ma nemi benci ba. Ranar ta rubuta yarinyar a littafi, ta ja layi biyu ja a gefen sunan, alamar wannan ba za ta iya jiran wata shekara ba.

Ranar bikin ritayarta aka ba Sista agogon bango, aka yi jawabin minti huɗu. Ta miƙa littafin da hannu biyu. Shugaban sashe ya ce yanzu komai a kwamfuta yake, a ajiye shi a kwali. Kwamfuta kuwa ba ta san jan layi biyu ba, ta jera yarinyar ta tamanin da bakwai. Abin da ciwo, kuma da kunya.

Litinin da ta biyo baya sai ga ta a kan bencin marasa lafiya, babu fararen kaya, da littafin da ta ciro daga kwali a cinyarta, 'yar tela tana tsugunne a gabanta. Tana jiran ganin shugaban sashe kamar kowa. Sabon akawu ya leƙo ya ce, "Iya, ke ce kakarta?"

"Ni ce," in ji ta.

Ke ce, Sista. Ke ce kakar duk wanda ke cikin littafin nan, masu rai da waɗanda kika ja wa layi. Ke ce kunnen da ya ji abin da masu manyan takardu suka wuce. Mun gode, ko da godiyar ta zo a makare, Allah ya saka miki da abin da muka kasa.

Ku kuma da kuka gaji ɗakinta, ba a ce ku yi shekara talatin ba. Ku ɗumama ƙarfen kafin ku ɗora wa ɗan mutane, ku karɓi littafin nan daga hannunta. Saura sati shida likitocin tiyata su iso, kuma har yau yarinyar ita ce ta tamanin da bakwai.