Bene Mai Rediyo da gobarar but ɗin Fijo

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar Oga Benedict, wanda mutanen unguwar Wambai suka fi sani da Bene Mai Rediyo. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin babu yadda zan yabe shi ban tona wa kaina asiri ba. Bana na haura saba'in, na ga ɓoyon ya isa haka.

A garin nan aka haife shi, tun garin na amsa sunan Abuja, kafin babban birni ya karɓe sunan, kuma Hausar bakinsa ta fi ta wasunmu. Da ƙasa ta rikice iyayensa suka tafi da shi gida, can garinsu na asali a gabashin ƙasar. Bayan yaƙi ya dawo da matarsa, Madam Rose, da akwatin kayan aiki guda, ya kama hayar shagon da ke ƙofar gidan kawuna, Alhaji Garba. Ni kuwa a lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu, ina jan Fijon Kawu zuwa Kaduna da Minna.

A shekarun da aka fara zancen za a kawo babban birni kusa da mu, yayin kaset ya kama direbobi. Wanda motarsa ta fi ƙara shi ne gwani a tasha. Wata rana na sayo manyan sifiku biyu a Kaduna, kowace kamar faifai, irin waɗanda yaran yanzu ke kira wufa. Na kai wa Bene na ce ya dasa mini su a but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota, ina so idan ganga ta buga a ji ta a ƙirji.

Ya juya bayansu ya karanta, ya ɗauko amfilifayar da ya harhaɗa da hannunsa, wato akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa sifika. Ya ce, "Sani, wannan sifika ɗaya za ta iya ɗauka. Kowace om huɗu ce. Ka jona biyu a waya ɗaya, sun koma om biyu, za su ja wutar da ba ta da ita. Za ta yi zafi." Na ce ni ban san om ba, ƙara nake so. Ya yi dariya ya ce in ba shi mako uku, kaya za su iso daga Anacha, ya haɗa mini wadda ta dace da su. Kafin nan ya dasa mini guda ɗaya, ya sa fis a wayar da ta taso daga batir, ya nuna mini shi da yatsa, ya ce idan ya tsinke in dawo wurinsa.

Ban yi mako uku ba, ko kwana huɗu ban yi ba. A tashar Kaduna na jona ta biyun da kaina. Fis ya tsinke, na sa wani, ya sake tsinkewa. Sai na yagi takardar azurfar kwalin sigari na naɗe gurbin da ita. Sauti ya fito, direbobi suka taru suna jinjina mini.

Washegari da hantsi, mun kusa Maje, fasinjan baya ya ce yana jin ƙauri. Kafin in tsaya hayaƙi ya cika motar. Da ƙasa muka kashe wutar, manoman da ke gefen hanya suka taya mu. Ba wanda ya ji rauni, amma but ɗin ya ƙone, har da akwatin wata malamar makaranta 'yar Filato da aka yi wa canjin wurin aiki. Takardun shaidarta na ciki. Har yau ina ganinta a durƙushe a bakin titi, tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, suna marmashewa a hannunta.

Da Kawu ya tambaye ni wa ya haɗa wayoyin, na ce Bene ne. Ban ƙara komai ba. Kawu ya fito ƙofar gida, a gaban mutanen da ke zaune a dakali, ya ce wa Bene ya nemi wani shagon kafin ƙarshen wata. Wani daga cikin mazauna dakalin ya jefa irin maganar da ake jefa wa baƙo a shekarun nan da raunin yaƙi bai gama warkewa ba. Bene ya je ya leƙa but ɗin, ya laluba gurbin fis, ya zaro guntun takardar da ta yi baƙi. Ya dube ta, ya dube ni, ya sa ta a aljihu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Alhaji, ka yi haƙuri."

Cikin 'yan kwanaki mutane suka riƙa zuwa suna karɓe rediyoyinsu, gyararru da waɗanda ba a taɓa ba. A rana ta goma sha ɗaya na ga Madam Rose tana ɗaure tukwanenta da igiya. Na shiga shagon na tambaye shi me ya hana shi magana. Bai ɗago daga abin da yake kwancewa ba, ya ce, "In ni na faɗa, za a ce baƙo ne ke kare kansa, kuma kai da kawunka kun ɓata ke nan. Daga bakinka ya kamata ta fito. Na san za ka zo, ban dai san yaushe ba."

Bayan la'asar, a kan dakalin nan, daga ni sai shi, na faɗa wa Kawu komai. Ya karɓe makullin motar, wata shida ban taɓa sitiyari ba. Ya tashi da kansa ya shiga shagon ya nemi gafara, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ɗan haya ba. Shi ne kuma ya ɗauki nauyin zirga-zirgar malamar har ta sake samun takardunta. Amma ƙarya ta riga gaskiya zagaya gari, akwai waɗanda ba su sake kawo wa Bene aiki ba har ya bar duniya. Da aka mayar mini da motar, Bene ne ya haɗa amfilifayar da ta dace da sababbin sifikun da na sayo, bai kuma taɓa tayar da zancen ba.

Yanzu idan na zauna a ƙofar gida, motocin samari na wucewa suna girgiza tagogi, nakan tambayi kaina me Bene zai ce. Ba na jin zai yi tsaki irin namu na tsofaffi, domin mutum ne mai son kiɗa. Ina jin tsayar da su zai yi, ya ce su buɗe but. Zai karanta bayan wufar, ya karanta jikin amfilifayar, ya taɓa kaurin wayar, ya tambaya ina fis. Abin da zai ba shi mamaki shi ne yadda komai yake a rubuce yanzu, har a wayar hannu, amma gaggawar da ta ci ni ba ta ragu ba.

Me ya saura daga gare shi? Shagon ya zama wurin cajin waya, rediyoyin da ya gyara sun daɗe da shiga bola. Ranar da aka binne shi na je gaisuwa, na durƙusa gaban Madam Rose na ce ta yafe mini abin da na yi musu a shekarar gobara. Ta dube ni a ruɗe, ta ce, "Wane abu, Malam Sani?" Ita abin da ta sani shi ne Alhaji ya yi fushi, daga baya ya huce. Kusan shekara talatin tana dafa mini abinci duk ranar Kirsimeti, mijinta na zaune a gefe yana miƙo mini nama, bai gaya mata ba.