Malam Daidai da Jarrabawar Auta

Duk wanda ya taɓa ba shi aiki ya san abin da ya sa ake kiransa Malam Daidai. Mai shimfiɗa tayil ne, shekara talatin da ɗoriya yana durƙushe a ɗakunan mutane, har gwiwoyinsa suka yi kanta. Sunan kuwa ba yabo ba ne zalla, da zolaya a ciki. Mutum ne da zai gama rabin falo, ya kwanta ya kara kuncinsa a ƙasa, ya hango tayil guda ya ɗaga da kaurin farce, ya tashi ya ɓamɓare layi huɗu. Mai gida na ihu, "Haba Malam, wa zai gani? Kujera fa za a ɗora a wurin!" Shi kuwa ko ɗagowa ba ya yi, sai ya ce, "Ni na gani."

Karatunsa bai wuce aji huɗu na firamare ba. Abin da ya sani a duniya, a wurin maigidansa na farko ya koya, wani tsoho mai zafin hannu da ke ƙwala masa igiyar awo idan ya bar gurbi a baya ya ci gaba. A sana'arsu gaskiya ne: ka tsallake tayil guda da niyyar dawowa, siminti ya bushe, layi ya karkace, ɗaki ya lalace har bango. Malam Daidai ya riƙe wannan kamar karatun sallah, da shi yake auna aiki, da shi yake auna mutane.

'Ya'yansa huɗu. Uku sun kama gabansu, babu wanda ya yi nisa a boko. Sai Auta, yarinya mai shiru-shiru da kai kamar me, wadda tun tana 'yar shekara tara take lissafa masa yawan tayil ɗin da ɗaki zai ci kafin ya gama zaro biro daga bayan kunne. A shekararta ta ƙarshe a sakandare aka sanar cewa wata kwalejin koyon injiniya za ta ɗauki ɗalibai kyauta, da wurin kwana da komai, amma sai waɗanda ke gamawa a wannan shekarar, kuma sai wanda ya kai maki sittin a jarrabawar shiga. Tambaya ɗari, awa biyu, zama ɗaya tak, babu maimaici. Malam Daidai bai taɓa son wani abu a rayuwarsa kamar yadda ya so wannan gurbin ba. Yana so 'yarsa ta shiga gini a tsaye, da takarda a hannu, leburori na gaishe ta.

Shi ya sa ya tsoma baki a abin da bai sani ba.

Kullum da yamma idan ya dawo, ya wanke simintin hannunsa, sai ya jawo kujera ya zauna gefen teburin da take gwada tsofaffin tambayoyi. Ba ya gane abin da ke rubuce, amma ai yana gane lamba, kuma idonsa ba ya wuce rami. Ran nan ya ga ta cike tambaya ta goma sha ɗaya, ta cike ta goma sha uku.

"Auta, ina ta sha biyu?"

"Tana da wuya, Baba. Malamar lissafi ta ce idan tambaya ta tsaya maka, ka wuce, in lokaci ya rage ka dawo."

"Ka wuce?" Ya ja tsaki. "Wato makaranta ake koya muku ha'inci yanzu. Koma ki yi ta."

Ta koma. Minti goma sha biyar tana fama, ta fito da amsa, ta duba bayan littafi, daidai. Ka ga fuskar Malam Daidai a ranar, sai ka ce shi ya ci. Ya miƙa hannu ya ɗauke ƙaramin agogon da ta ajiye a gabanta, ya ɗora a kan kwaba. Wai aikin kirki ba a yin sa da ido ɗaya a kan agogo.

Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da wankakkun kaya a hannu. Ta ce, "Malam, don Allah ka bar yarinya ta bi maganar malamarta. Kai ka taɓa zama jarrabawa?"

"Aiki aiki ne," in ji shi. "Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ka riƙa ƙarasa karin magana in ka ɗauko ta."

Suka yi dariya, har da Auta. Wallahi da sun san abin da ke tafe da ba a yi dariyar nan ba.

Abin takaicin shi ne, lissafi ya yi ta ba shi gaskiya. A gida, babu agogo, babu tsallake, Auta na samun casa'in da biyar, casa'in da bakwai. Da aka yi musu gwaji a makaranta, ta bi yadda malama ta ce, ta tsallake, ta yi sauri, ta canki wasu, ta samu sittin da takwas. Malamar ta rungume ta don murna. Malam Daidai kuwa ya jera takardun biyu a kan tebur, ya sa yatsa a kan wannan, ya sa a kan waccan.

"Duba da idonki. Nan natsuwa, nan gaggawa. Wanne ya fi?"

Bai tsaya ya tambayi awa nawa ta gida ta ci ba. Huɗu ta ci, har da hutun sallah. Sittin da takwas kuma ta haye sittin, ko yaron firamare ya san wannan. Amma shi kurakurai talatin da biyun nan yake kallo, suna sukar idonsa.

Ranar jarrabawa ya ƙi zuwa aiki, ya raka ta da kansa. A bakin ƙofar makarantar da za a yi zaman, iyaye sun yi cincirindo, kowa na tofa wa nasa addu'a. Ya gyara mata fensir biyun da ya feƙe da wuƙar aikinsa, ya sassauta murya.

"Auta, ki yi mini alkawari ɗaya. Aikin gidanmu za ki yi musu. Kada ki bar rami."

Ta dube shi, ta dubi ƙofar. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta ce, "To, Baba."

Awa biyu ya yi a jingine da katanga, yana hira da wani direba da ya kawo ɗansa, har yana ba shi shawarar irin tayil ɗin da ya dace da banɗaki. Aka buga ƙararrawa. Yara suka yi ta fitowa, wasu na tsalle, wasu na gardamar amsa. Auta ce kusan ta ƙarshe. Tana tafe a hankali, fensir ɗaya ya ƙare har rabi.

"Yaya?"

"Ban tsallake ko ɗaya ba, Baba."

"Madalla! 'Yar albarka!"

"Ta goma sha tara ta riƙe ni. Da ta talatin da ɗaya. Amma na yi su." Ta dubi fensir ɗin da ke hannunta. "A ta arba'in da shida aka ce a ajiye fensir."

Malam Daidai mutumin awo ne, ba sai an yi masa lissafi ba. Arba'in da shida ba ta kai sittin ba. Direban nan na yi masa sallama, bai ma ji ba. Suka hau mota suka koma gida.

Bayan mako uku sakamako ya fito: arba'in da shida. Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi wurin malamar lissafi, ko akwai wata ƙofa. Malamar ta daɗe tana juya takardar sakamakon.

"Baban Auta, shekarata ashirin ina koyarwa, ban taɓa ganin irin wannan ba. Duk abin da hannunta ya taɓa daidai ne, babu kuskure ko ɗaya. Ko rufe ido ta yi ta canki sauran, da wataƙila ta haye. Na gaya mata, na sake gaya mata. Me ya same ta a ɗakin nan?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon daben ofishin. Ya ce, "Ni ne na same ta, Malama."

Babu wata ƙofa. An riga an cike gurabe.

Matarsa ta yi kwana biyar ba ta ce masa komai ba sai "ga abinci". Wannan bai dame shi ba, ya cancanta. Abin da ya cinye shi shi ne Auta. Ya so ta yi kuka a gabansa, ta yi masa tsawa, ta ƙi gaishe shi. Ina! Kullum da safe sai ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta saba. Ta kwashe littattafan ta ɗaure da igiya ta kai wa 'yar maƙwabta da ke aji biyar. Wata safiya ya kasa daurewa, ya tare ta tana shara.

"Auta, na cuce ki. Ki yafe mini."

"Haba Baba, ai ni na riƙe fensir."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Da zaman gida ya ishe ta, sai ta ce za ta riƙa bin sa wurin aiki. Uwar ta ce ina aka taɓa ganin mace da siminti, shi ma ya ce a'a, amma yanzu ba shi da bakin hana ta komai. Ta fara da awo da yanka. Kafin wata shida ta karɓi gudumar roba, kuma gaskiya ɗaya ce, hannunta ya fi nasa. Ba ta magana idan tana aiki. Ba ta ƙara ambaton kwalejin nan ba, ko da wasa.

Wani gida suka yi aiki a ƙarshen shekarar, na wani dattijo mai fara'a da ya yi ritaya. Ya shigo duba falonsa, ya tarar da Auta a durƙushe a lungu tana saita tayil na ƙarshe, gwiwoyin wandonta sun yi fari fat da ƙurar siminti. Ya zagaya, ya shafa ƙasan da tafin ƙafa, ya jinjina kai.

"Malam Daidai, kai kam ka more. Namu 'ya'yan duk sun watse makarantu, ko ƙusa ba su iya bugawa. Kyan ɗa ya gaji ubansa! Allah ya bar ta a kan sana'ar nan, ya sa ta tsufa a cikinta kamar kai."

Addu'a ce, kuma da zuciya ɗaya mutumin ya yi ta. Ya tsaya yana jiran amsa. Malam Daidai na riƙe da bokiti, kalmar "amin" ta ƙi fita daga bakinsa. Dattijon ya fara duban su ɗaya bayan ɗaya.

Daga lungun, ba tare da ta ɗago kai ba, Auta ta ce wa dattijon, "Amin, Baba. Mun gode."