Dokta Nura ya samu makarantar kasuwanci, kuma saura kaɗan in hana shi

Da safen nan labarin ya sameni, ina bakin shago a Funtua ko kokona ban gama sha ba. Dokta Nura ya samu admishon. Makarantar kasuwanci ta ƙasar waje, wadda ya nema tun kaka.

Ba mutuwa akai ba, ku kwantar da hankalinku. Amma wallahi haka ƙosaina ya huce a gabana. Akwai maganar da nake ɓoye mashi wata biyar, yau zan faɗe ta kowa yaji.

Wanda bai san Nura ba, abokina ne tun firamare a Mahuta, benci ɗaya. Ni na tsaya a aji uku na sakandire saboda kasuwa tafi makaranta buƙatata. Shi ya wuce, yanzu yana ajin ƙarshe na karatun likita a Zariya. Ni ko kun sanni, Sale Mai Masara, daga Dandume har Danja babu buhun da zai wuce ta gabana ban san abinda ke cikinshi ba.

To ku duba mani wannan lamari. Likitanci bai isheshi ba sai ya biyoni cikin sana'ata. Shekarata sha biyar a kasuwa ko takardar yabo babu wanda ya bani. Shi wata takwas yai a rumfata, turawa sun ajiye mashi kujera, wai ya gama hausjob, shekarar aikin sabon likita a asibiti, da bautar ƙasa a tsanake suna jiranshi. Ni ko direban Danja bai jirana.

Lokacin dogon yajin aikin nan na jami'a ne yazo wajena, yace zaman gida zai haukata shi. Ranar farko na ɗebo masara nace ya ciza yaji ko ta bushe. Sai mutumin nan ya tambayeni ko na wanke hannu.

Ciniki kuwa abin tausayi. Mai saye zai taya, kafin ya rufe baki Nura ya sallama. Sati biyu ina koya mashi cewa albarka. Nace in an taya maka ka kauda kai gefe kace albarka, mai saye ya san kuɗinshi bai kai ba, zai ƙara. Shi sai ya faɗa yana murmushi kamar mai bada haƙuri. Wa zai ƙara maka haka?

Amma in gaskiya za'a faɗa, yaron kirki ne, shi yasa abin yafi cina.

Shi ya gano hawan jinin Innarmu, mu muna ta cewa gajiya ce. Ya zana mata rana da wata a jikin kwalin magani don ta san na safe da na dare.

In nai kuskuren rubutu a grup ɗin 'yan ajinmu bai taɓa gyara mani gaban mutane ba. Ta gefe yake turo mani, ya haɗa da gaisuwa.

Wata rana wani dattijo ya kawo mana masara ɗanya, ko bushewa batai ba, wai matarshi na kwance asibiti dole ya saida. Bayan ya tafi nace ma Nura ku likitoci baku da wayo, da ni ne masara zan karɓa a kaka lokacin da manomi ke da ita, in duba shi da iyalinshi shekara guda. Ni wasa nake. Sai naga ya ciro ɗan littafi ya rubuta.

Wannan maganar tawa ita ya rubuta ma turawa, yace abinda yake son koyo kenan, yadda zai tsara asibitin manoma a yankinmu. Ya saka sunana a ciki, bai ɓoye ba. Amma kun gane ai. Kai ne da basira, wani ne da fasfo.

Sai aka zo maganar wasiƙa. Makarantar tace ya kawo shedar mutum biyu da yai aiki ƙarƙashinsu. Malaminshi na asibiti ya rubuta ɗaya. Ta biyun sai wanda ya ganshi a harkar kasuwanci, sai ya bada sunana. Saƙo ya shigo imel ɗina, sati uku suka bani.

Na kwana biyu ina nuna ma 'yan kasuwa, ku gani turawa na neman shawarata. Daga nan na zauna a kai.

Ya kira, nace netwok. Ya sake kira, nace wayar ce ke bani matsala. Ya turo mani data, na kalli wasan ƙwallo da ita.

Ba mantuwa nai ba. Duk na buɗe saƙon sai in rufe shi. In na rubuta, da hannuna na ɗaga shi sama kenan, ya zama likita ya zama ɗan kasuwa, ni me ya rage mani da zan riƙa yi mashi burga dashi?

Saura kwana biyu a rufe sai gashi ranar kasuwar Dandume, ya hawo mota tun daga Zariya. Rabona dashi ido da ido kenan. Ya zauna kan buhu, ya tambayi Inna, ya tambayi yara, muka ci rake. Ina ta jira ya tado maganar in kawo mashi sabuwar ƙarya. Sai da ya tashi tafiya yana kakkaɓe wando yace:

"Sale, in abin yai maka nauyi ka barshi. Akwai Alhajin da yace zai sa mani hannu, amma shi bai koya mani komi ba. Gara in jira baɗi."

Sai kawai na rakashi bakin mota nace Allah ya kiyaye hanya. Ni da bakina bai mutuwa.

Na koma gida na tarar uwargida, Malama Rukayya, ta riga ta ga saƙon a wayata. Malamar firamare ce, babu abinda ke wuce ta. Tace Baban Walida wane irin netwok ne ke kawo ƙwallo bai kai wasiƙa? Nace mata ke baki san harkar maza ba. Ta kalleni tace: "Hassada ce. Ka kira ta da sunanta sai mu zauna mu rubuta."

Bayan la'asar muka zauna tsakar gida, ina faɗi da Hausa tana juyawa turanci. Tambayoyi ne jere. Da muka iso inda sukace a faɗi rauninshi har gyara zama nai, nan nake jira. Nace rubuta, bai iya cewa albarka ba.

Ta tsaya. Tace in ta juya shi yadda yake, turawa zasu ɗauka yaron bai sa ma mutane albarka, su ce mugu ne. Sai da muka bi abin dalla dalla, yadda ake tayi, yadda ake ƙin tayi ba tare da an wulaƙanta mai saye ba, da yadda Nura yake tausayin mai saye har ya manta mai kaya. Ina cikin bayani naji ashe yabonshi nake. Na so in janye, tace ta riga ta tura.

Da Nura ya kirani da safen nan yace a intabiyu rabin lokacin kan kalmar nan suka ƙare, wata farfesa har tana gwada faɗi. Kun gani ko? Hausata ta shiga makarantar kafin shi.

Sai yace ya gode, ya san na sha wahalar netwok saboda shi.

Nace ba komi.

Na kashe waya naji kunya ta rufeni. Shi yasa nake rubuta wannan da hannuna ba tare da Malama ta gyara ba, duk kuskuren da kuka gani nawa ne.

Nura, ba netwok bane. Ni ne. Saura kwana biyu in ci maka shekara guda don kawai kar ka wuceni, alhali ka daɗe da wuceni baka taɓa nuna mani ba. Ka yafe mani. Ba zance na warke duka ba, ko ɗazu da naga hoton takardar admishon ɗin sai da na kife wayar. Amma na fi son ka tafi.

Allah ya ida maka karatun likita lafiya, ya kaika ya dawo mana da kai, ya sa manoman Mahuta su ci moriyar abinda zaka koyo. Allah ya tsareka daga sharrin mahassada, na nesa da wanda kuka zauna benci ɗaya.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa Dokta a addu'a. Nima ku sakani, Allah ya wanke mani zuciya, tawa tafi gaggawa. Wayata na hannuna, ban san ko zai kira ba.