Man Shanu a Kan Dikko Dankure

Dikko Dankure ya yi shekara talatin yana dillancin albasa a Argungu, kuma ba a taɓa jin ya bar wani ya ƙarasa zance ba. A daminar 1986 ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Abin da ya rage a bakinsa "to" ne kaɗai.

Ƙanensa Tamba ya yanke cewa hankali ma ya tafi, saboda haka gonar shinkafar Dikko ta fadama tana bukatar sabon mai kula, kuma ya san wanda ya dace. A gaban Dikko yake faɗa. Dikko ya ce "to", Tamba ya ce a shaida.

"Yana ji, Tamba," in ji Sadatu, matar Dikko. "Magana ce ba ta hita."

Likitan Birnin Kebbi ya tura su wani asibiti a Kaduna, inda ake liƙa wa mutum wayoyi a ka, na'ura ta zana motsin ƙwaƙwalwarsa a doguwar takarda. Ya ja kunne a wanke kai, kada a shafa komai. Sadatu ta ɗora ranta a kan takardar nan.

Tamba ya raka su. Safiyar gwajin, Sadatu ta fita sayen koko, shi kuwa ya ga bai kamata babban mutum ya shiga gaban likita da kai fururu ba. Ya mulke shi da man shanu, wai yana sanyaya jijiya, ya kifa masa hula.

Ma'aikacin na'urar, Maliki, ya liƙa waya ta sulale. Ya sake, ta sake. A ta bakwai ya shinshina yatsunsa.

"Tun daga Argungu kuka zo ku soya shi? Wa ya shafa wa bawan Allahn nan mai?"

Tamba ya shiga nazarin rufin ɗaki. Dikko ya ɗaga hannunsa na hagu a hankali, ya nuna shi, bai sauke ba sai da kowa ya gani.

"To," in ji Dikko.

"A shaida," in ji Sadatu.

Sau uku aka wanke kan da sabulu kafin waya ta kama. Takardar ta fito da zane kamar sawun kaji, likita ya yi dogon bayani, Sadatu ta naɗe ta a ƙasan adaka. Dikko ya ƙara shekara huɗu, ana kai shi bakin gonarsa a kan jaki, yana nuna wa Tamba inda ciyawa ta rage.