"Ba Komai" Ɗin Hajjo

Duk Bahaushen da ke Woodbridge, kusa da Washington, ya san Hajjo matar Idrissa direban tasi, 'yar Tasawa, mai sayar da kilishi da humra a ɗakin ƙasa na gidanta. Da ƙuruciyarta ta zo ƙasar nan, ta yi kitso, ta yi rainon 'ya'yan mutane, har Allah ya hore musu gida a cikin jerin gidajen nan masu haɗa bango, inda maƙwabci zai yi atishawa kai ka amsa masa daga gadonka. Hannunta a sake yake, wannan ba a ƙi ba. Sai dai fa tana son a ce ita ce gaba, ita ke bayarwa, wasu na godiya.

Wadda suka haɗa bango da ita Chundung ce, Maman Abby, nas 'yar Jos. Hajjo ce ma ta tsegunta mata gidan lokacin da aka sa shi a kasuwa. Shekara da shekaru suna zaman lafiya, naman Sallah ya shiga, shinkafar Kirsimeti ta fito.

Ran nan Chundung ta faɗo mata baki har kunne. "Anti Hajjo, Mama ta samu biza! Zan gyara sararin ƙarƙashin rufi ya zama ɗaki, Abby ta koma can, Mama ta ɗauki nata."

"Madalla, Allah shi sa albarka," in ji Hajjo. Amma kishi ya riga ya soke ta har ƙashi. Tata tsohuwar tana Tasawa, an nemi biza an nema har an gaji. Ga shi Chundung, ƙanwar bayanta, wadda ita ta nuna wa inda ake sayen daddawa, za ta riƙa tashi da safe tana gaida uwa.

Aikin ba zai yiwu ba sai an kafa ƙarfe a bangon da ke tsakaninsu, dokar ƙungiyar masu gidajen unguwar kuwa ta ce sai da yardar maƙwabci. Nan da nan Hajjo ta fara ganin tsaga a bango. Idrissa ya dawo daga cunkoson hanyar Washington a gajiye, ta ja shi ya duba.

"Ke, wagga tsaga tun kahin mu sayi gidan take nan," ya ce. "Hassada ga mai rabo taki ce. In ba ki so, ki hwaɗa mata."

Ina za ta iya? Ai da kunya ka dubi idon maƙwabci ka ce a'a. Ta bari sai ranar taro, ta yi yadda ake yi. A Tasawa in dattawa suka zauna kan magana, ba wanda ke fara zazzage cikinsa. Sai ka ce ba komai, ka kau da kai, ka yi ajiyar zuciya. Su kuma su ce a'a, akwai komai, labarin zuciya a tambayi fuska. Sai an lallashe ka tukuna kake kawo kukanka, kuma da mutuncinka.

Ranar taro shugabar ƙungiyar, wata Baturiya mai suna Debbie, ta tambaye ta ko tana da ja kan aikin. Hajjo ta gyara mayafi, ta juya fuska wajen taga, ta ce da Turanci babu matsala, ta sauke wata ajiyar zuciya da ko kurma zai gane. Ta zauna jiran lallashi.

Debbie ta yi murmushi, ta gode mata, ta ce an amince, ta wuce maganar kwandunan shara.

Hajjo ta saki baki. Ta waiga wajen Chundung, don a duk ɗakin ita kaɗai ta san fassarar wannan "ba komai". Chundung ta sunkuyar da kai tana murza makullin mota. Wannan ya fi yi mata ciwo a kan ɗakin.

Da suka fito wurin ajiye motoci Hajjo ta tare ta. "Maman Abby, kin ji ni ai."

"Na ji, Anti. Allah ya sani na ji." Chundung ta ɗago ta dube ta. "Amma uwata ce."

"Ni ma ina da uwa," in ji Hajjo, sai hawaye. Ta jingina da motar tana share fuska da bakin mayafi. A motar Chundung ɗin Hajjo ta zo, kuma a cikinta za ta koma gida.